Ƙwarya Ɗaya a Ramuka Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara Zaki ya yi shela cewa duk mai rami yana iya karɓar ajiyar hatsi. Gafiyoyi uku, uwarsu ɗaya, suka buɗe ramuka uku. In ka kai mudun gero, sai su ba ka ƙwallon goruba mai shaidar haƙorinsu. Ƙwallon ya zama kuɗin kasuwa, ba mai zuwa karɓar geronsa. Da gafiyoyi suka ga haka, sai suka dinga cin geron, suna ƙaro ƙwallaye.

Aka naɗa Kunkuru mai dubawa. Shi kuwa bai san sauri ba. Ya leƙa ramin farko, ya ga ƙwarya cike da gero. Kafin ya ja jiki zuwa na gaba, sun tura ƙwaryar can ta ƙarƙashin ƙasa. Haka har na uku.

Bushiya mai bin diddigi ta tare shi ta ce, "Baba Kunkuru, geronmu yana nan?"

Ya ce, "Yana nan, 'yata. Ƙoren nasu ma iri ɗaya ne, har ɗinkin da ke bakinsu."

Bushiya ta gane ƙwarya ɗaya ce, ta kwashi ƙwallayenta ta ruga karɓar geronta. Da ganin haka kowa ya bi ta. Gafiyoyi suka sulale, dabbobi ɗari suka tsaya kan ƙwarya ɗaya.

Sai bayan kwana biyu Kunkuru ya iso. Zaki ya ce, "Ina geron jama'a?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da idona na gan shi, har sau uku."

Ƙurunƙus, kan gafiya ba nawa ba.