Kwana Huɗun da Wayar Delu Ta Manta

Akwai wani matashi a Gusau mai suna Kamilu, aikinsa rubuta manhajar waya. Ya iya aikin, wallahi, sai dai ba ya jin gyara.

Yayarsa Delu tana zaune a ƙauyen Furfuri. Bayan rasuwar mijinta ta sayar da awakinta biyu, iyakar abin da ta mallaka ke nan, ta sayi ƙwai ɗari biyu, ta ari injin ƙyanƙyasa. Ƙa'idar injin, a riƙa juya ƙwai har kwana sha takwas, daga nan a rufe, kada a sake taɓawa.

Kullum da safe Delu kan jefa ƙwayar masara ɗaya a gwangwani don kada lissafi ya ɓace mata. Kamilu ya gani ya yi dariya.

"Yaya, zubar da masarar nan. Zan sa miki agogo a waya mai ƙirga kwanaki."

Da ya gama, Wasila abokiyar aikinsa ta duba. Ta ce, "Malam Kamilu, agogon nan in waya ta mutu tsayawa yake. Ka adana ranar farawa, da an kunna ya lissafo inda ya kamata."

Ya taɓe baki. "Wa ke kashe waya a zamanin nan?"

To, Delu na kashewa. Don tattalin caji take yi, wani lokacin ma wayar kwana take wajen mai caji a Bungudu. Kaɗan-kaɗan agogo ya rasa kwana huɗu. Ranar da waya ta nuna sha bakwai, ƙwai na kwana ashirin da ɗaya, ranar da 'yan tsaki ke fitowa, baiwar Allah kuwa tana ta buɗewa tana juyawa.

'Yan tsaki tara suka fito. Sauran duk sun mutu a cikin ɓawo.

Da Kamilu ya zo, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kai ka ce in zubar da masarar."

Kunya da baƙin ciki suka hana shi ɗaga kai. Gyaran bai ci masa minti goma ba, amma babu sauran ƙwan da za a ƙirga. Delu ta mayar da injin, ta koma surfe a gidajen mutane.

Darasi: In aka nuna maka ɓaraka a aikinka, ka sauke girman kai ka gyara, don wanda ya yarda da kai ne zai kwashi asarar. Ku tura wa duk wanda rayuwar wani ta rataya a kan aikinsa.