Babur Mai Kujera Ɗaya

Akwai wani ma'aikaci a Birnin Kudu mai suna Badamasi, wanda mutanen gari suka san babur ɗinsa tun kafin su san sunansa. Babban babur ne mai faɗin taya da dogayen hannuwa, wanda mahayinsa ke kishingiɗa a kai kamar mai hutawa a falo.

Shekaru ya yi yana ƙawata shi: baƙin fenti mai ratsin ruwan zinare, salansa biyu masu ƙyalli, da sirdin jar fata wanda baduku ya ɗinka masa da tuntaye. Da hannunsa yake wanke shi, ba ya yarda kowa ya taɓa.

Abu guda ne ke ɓata masa rai. A ƙauyensu, can bayan Farin Dutse, babur na jama'a ne. Duk wanda ya hau sai an tsayar da shi, wannan a rage masa hanya, waccan a kai mata niƙa. Badamasi kuwa yana jin nauyin cewa a'a, yana kuma ƙyamar a ɓata masa ado.

Sai ya tafi wurin Dabo mai walda, ya ce a yanke kujerar baya tare da ƙarfen da ke riƙe da ita.

Dabo ya yi dariya ya ce, "Babur babu wurin goyo? In ka yi amarya, a ƙafa za ta riƙa bin ka?"

"Yanke kawai, Malam Dabo. Na gaji da warin daddawa da kashin kaji."

Aka yanke, aka shafe wurin da fenti. Tun daga ranar, duk wanda ya ɗaga masa hannu sai ya nuna bayansa ya ce, "Ka gani dai, babu wuri." Ya samu hanyar hana alheri ba tare da bakinsa ya furta rowa ba.

Wata rana da damina ya je gaida mahaifiyarsa, Inna Batulu. Ranar kasuwar garin Sara ce, duk masu babur na ƙauyen sun tafi. Yana zaune a zaure sai ƙanwarsa Zahara'u ta shigo da gudu, ta ce maciji ya sari Inna a gonar gyaɗa.

Mota ba ta shiga ƙauyen da damina. Yadda aka saba, a sa marar lafiya a tsakiyar babur, wani ya zauna a baya ya riƙe shi har asibitin Gwaram.

Badamasi ya tayar da babur, aka tallabo Inna jikinta ya saki. Zahara'u ta dubi bayan babur ɗin, ta dube shi.

"Yaya, a ina zan zauna in riƙe ta?"

Ya gwada ɗora Inna a gabansa kan tanki, ta zame. Ya ba ta sirdin ya ce zai tuƙa a tsaye, ba ta iya riƙe komai. Daga ƙarshe maƙwabta suka ɗaura shanu a amalanke suka kwantar da ita, shi kuma ya fita da gudu neman babur mai wurin zama.

Ya samo wani manomi a bakin kasuwa, suka juyo tare. Tun daga nesa ya hango amalanken a tsaye ƙarƙashin wata tsamiya, an kwance shanun suna kiwo. Nan take ya gane Inna ta cika. Ya sauka ya durƙusa a cikin taɓo.

A wurin zaman makoki liman ya ce masa, "Ka yi haƙuri, Badamasi. Ajali ne, ko a jirgi aka ɗauke ta ba za ta wuce ranarta ba."

"Na yarda, Malam," in ji shi. "Amma da ta cika tana jingine a bayana."

Bayan an share makoki ya koma Birnin Kudu tare da Zahara'u, ya aika wa wani Zulkifli, wanda ya daɗe yana roƙon a sayar masa da babur ɗin. Ya wanke shi wankan ƙarshe, ya taje tuntayen da yatsunsa, ya miƙa makulli yana kallon ƙasa.

Da Zulkifli ya tayar da injin, Zahara'u ta fito daga cikin gida tana hawaye.

"Wannan ƙarar Inna take ji tun daga rafi ta ce a dama fura, ga ɗanta nan. Kullum cewa take wata rana za ka ɗauke ta ka zagaya da ita ƙauye, ƙawayenta su gani. Kunyar tambayarka take ji."

Badamasi ya dafa hannun Zulkifli ya kashe injin.

"Don girman Allah, tura shi har bakin titi kafin ka tayar. Kada mu ji tafiyarsa."

Darasi: Duk ni'imar da Allah Ya ba ka, ka bar wa wani wurin zama a cikinta. Wanda ya toshe hanyar taimakon jama'a bai san ranar da nasa zai zo ya tarar da ita a toshe ba. Ku tura wa 'ya'yanku da 'yan'uwanku wannan labari, domin mutuncin gida yana ga abin da aka yi wa mutane da dukiya, ba ga ƙyallinta ba.