Gwiwar da Tanimu Ya Ƙi Dokewa

An taɓa yin wani bawan Allah, Tanimu, a wata ƙasa mai sanyin da ruwa ke daskarewa har a yi wasa a kansa. Sana'arsa wasan hoki: takalmi mai kaifi a ƙafa, sanda a hannu, ana sulɓi kan ƙanƙara ana kora ɗan faifan roba zuwa raga. Kada ku yi dariya, jama'a, da shi yake ci da iyalinsa. Shekara goma sha shida yana yi, haƙoran gaba duk sun zube, amma bai taɓa ɗaga kofi ba.

A wasan nan an yarda ka banki mutum da kafaɗa, kuma aikin Tanimu ke nan, don ƙato ne.

Ranar wasan ƙarshe, kocinsu ya ja shi gefe ya ce, "Gwanin waccan ƙungiyar, an yi masa aiki a gwiwar hagu. Can za ka doka. Ya fita, kofi namu ne."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, kafaɗa zan sa masa kamar kowa. Gwiwa kam, a'a."

"To in ka ƙi, yau za ka tuɓe rigar nan."

Ku saurara. Saura minti biyu, ana kunnen doki, sai ga gwanin ya taho, gwiwar a fili, alƙalin wasa na duban wani wuri. Tanimu yana son kofin nan, wallahi yana so. Amma kafaɗa ya kai. Mutumin ya goce, ya wuce, ya ci.

Kuna jira in ce daga baya an nemo shi an karrama shi? Ba wanda ya neme shi. Korarsa aka yi, ya koma gyaran takalman 'yan wasa. Wata rana matarsa ta ce, "Maigida, ba ka nadama?"

Ya ce, "Rashin kofin yana min ciwo har yau. Amma da ƙafar nan mutumin yake ciyar da 'ya'yansa."

Jama'a, mutumin kirki shi ne wanda ya san inda ɗan'uwansa yake da rauni, ya samu dama, ya kame hannunsa. Kai ɗan kasuwa, ka san asirin maƙwabcin rumfarka. Ke ma'aikaciya, kin san laifin da zai kori abokiyar aikinki. Kowa a nan ya san gwiwar wani. Ranar da aka ce ka doka, ka ji tsoron Allah, ko da za ka tashi hannu rabbana.