Sabon Noti da Karyayyar Ƙusa

Akwai wani manomi mai tsohuwar akori-kura, da ita yake kai dankalinsa kasuwa. Wata damina ya haƙe dankali ya tara a gona, sai mota ta fara tsiyayar hayaƙi daga inda bututun salansa, wato mai fitar da hayaƙi, ya haɗu da kan inji. Hayaƙin yana shiga masa gaban mota har kansa ya riƙa juyawa.

Ƙusoshi masu zare ne ke riƙe da bututun nan, kowacce da notinta. Zafin inji ya gasa su shekara da shekaru, tsatsa ta ci su. Manomin kuwa mai ji da ƙarfinsa ne. Ya ɗauki sifana ya ce bari ya ƙara ɗaure su. Ya dage, ya murɗa. Ƙas! Ƙusa ɗaya ta karye, guntunta ya maƙale a rami, ko ɗan kan da za a kama babu.

Ya sa filaya, ta zame. Ya sa guduma, bakin guntun ya daɗa lanƙwashewa. Ga hadari kullum yana haɗuwa, dankali a tare kuwa ba ya shiri da ruwa.

Bakaniken da ya fara dubawa ya ce, “Maigida, wannan kan injin ya gama zamaninsa. Kai wa ’yan gwangwan.” Wani kan inji kuwa, ko dankalin duka ya sayar ba zai sayo shi ba.

Ya lallaɓa da motar tana ruri har rumfar wani tsoho mai walda. Tsohon ya shafa wurin da yatsa ya ce, “Je ka sayo sabon noti mai kyau.”

“A kan me za ka ɗaura shi, Baba? Ai ba zare.”

“Ƙona shi zan yi.”

“Sabo fil? Saboda ruɓaɓɓen guntu? Ga tsofaffi nan cike da kwanonka, kyauta!”

“Su ma tsatsa ta ci su, walda ba za ta kama ba. Na san ka iya ciniki, ɗana, amma yau ba ragi.”

Manomin ya tafi yana gunaguni, ya sayo. Tsohon ya ɗora notin a bakin ramin, ya zuba wutar walda ta tsakiyarsa, har noti da guntu suka yi jawur suka zama abu guda. Ya zauna ya jira suka huce. Sannan ya sa sifana a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Guntun ya yi ƙara, ya motsa, ya fito.

Manomin ya miƙa hannu ya ce, “To, ba ni notina.”

Tsohon ya ɗora masa su a tafi, baƙi ƙirin, a manne. Ya ce, “Raba su in gani.”

Aka sa sabuwar ƙusa. Ranar ya kwashe dankalinsa kafin ruwa ya sauko.

Ma’anar wannan misali, ’yan’uwa, ga ta. Guntun ƙusar nan mu ne. Wahala ta gasa mu, zunubi ya ci mu, muka karye cikin rami, ba ta inda za a kama mu. Sabon notin shi ne Yesu, marar aibi. Bai tsaya daga nesa yana jan mu ba. Ya shiga wuta, ya manne da mu, ya fito da mu, ba kuwa mai raba mu da shi.

Yanzu ku duba bencin da kuke zaune. Akwai wadda ta daina zuwa sujada, kun san ta. Wataƙila ma sifanar bakinmu ce ta karya ta. Mun aika mata faɗa, mun aika gori, duk sun zame. A makon nan bari wata a cikinku ta rufe rumfarta ranar kasuwa, ta je ta zauna da ita, ta sha zafin maganarta, kada ta rama. Za ki yi asarar cinikin yini guda, ba na ɓoye miki. Kada ki nemi ragi. Da aka zo ciro ki, ba a nema ba.