Wanda Ya Ƙone Biyu Don Ɗaya Ta Yi Daraja

An yi wani mutum a birnin nan namu na Meziko, a unguwar Santa María. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan cikinmu, kuma ba su yi laifin komai ba. A kasuwar Lagunilla, Gwani ake ce masa. Mu ma haka za mu kira shi.

Sana'arsa gyaran tsohuwar takarda, kuma Allah ya yi masa baiwa a hannu. A kawo masa mujallar zane wadda ruwa ya jiƙa, gara ta ci gefenta, ƙarfen ɗinkinta ya yi tsatsa, sai ya zauna da ɗan burushi da siririyar wuƙa da ruwan sitaci. Bayan mako biyu mai ita ya zo ya tsaya baki buɗe. Na ga dattijo ya yi hawaye a shagon nan, don an mayar masa da abin da ya karanta yana ɗan shekara takwas.

Ya 'yan uwa, wanda bai taɓa shiga layin masu tsofaffin mujallun zane ranar Lahadi ba zai yi mamakin abin da ake yi a wurin. Takarda ce mafi arha, aka buga ta don a karanta a yar. Yara sun karanta sun miƙa wa wasu har ta yage. Mahauci ya naɗe nama da ita, iyaye mata sun hura gawayi da ita. A buga dubu ɗari, bayan shekara saba'in a nemi goma a rasa. To, waɗanda suka tsiran nan su ake rububi. Idan a cikinta ne jarumin labarin ya fara fitowa, kuɗinta ya ɗaga. Idan bangonta bai lanƙwashe ba, launinta bai koɗe ba, ya ƙara ɗagawa. Amma abin da ya fi komai shi ne tambaya ɗaya: guda nawa suka rage a duniya?

Akwai wata mujalla, Maƙerin Tsawa, fitowa ta farko, ta shekarar 1941. Guda uku kawai aka sani. Ɗaya tana hannun Gwani, kuma tasa ta fi sauran kyau. Ɗaya tana wajen wani likitan haƙori da ya yi ritaya a Guadalajara. Ta ukun tana wajen Doña Herminia, 'yar mutumin da ya zana mujallar. Tata ta tsufa, ta yi laushi kamar tsumma, amma a shafin farko akwai rubutun mahaifinta da alƙalami, ya rubuta mata tana 'yar shekara shida. Bai kai baɗi ba ya rasu.

Wata Lahadi Gwani yana zaune a rumfar abokinsa Don Cástulo, dillalin tsofaffin takardu, suna shan kunun masara. Cástulo mutum ne mai barkwanci. Ya dube shi ya ce, "Kai fa kana tafiya kana ɗaga hanci kamar kai ka zana Maƙerin Tsawa. Sauko ƙasa, aboki, ku uku ne. Da a ce taka ce kaɗai, da attajiran Texas sun zo nan a guje, har takalminka su goge maka."

Aka yi dariya, aka watse. Kowa ya manta, ban da Gwani.

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Yana cin abinci yana jin ta. Yana aiki yana jin ta. Ya buɗe akwatin gilashi ya kalli mujallarsa, jan nan da ruwan ɗorawar nan suna walƙiya, maimakon ya ji daɗi sai ya ji ɗaci, don akwai wasu mutum biyu da suke kallon irinta. Ba kuɗi kaɗai yake so ba. So yake ya riƙe abin da babu wani ɗan Adam da yake riƙe da shi.

Sai ya sayar da gidansa. Matarsa Maricruz ta yi kuka, ta ce a gidan nan ta haifi yaranta. Ya ce mata, "Ki ba ni shekara biyu, zan saya miki wanda ya ninka shi." Suka koma haya, ɗaki biyu a saman shago. Ya ɗauki kuɗin ya tafi Guadalajara, ya dawo da mujallar likitan.

Ta Doña Herminia ba ta sayarwa ba ce, kowa ya sani. Don haka bai yi zancen ciniki ba. Ya je mata da ladabi, hula a hannu, ya ce, "Mama, ɗinkin mujallar nan ya kusa rabuwa. Ki ba ni in gyara miki, ba zan karɓi ko kwabo ba. Darajar mahaifinki ce." Tsohuwa ta naɗe ta a mayafinta ta miƙa masa da hannu biyu. Ta ce, "Ɗana, shekara saba'in ba ta taɓa barin gidan da nake ba. Amma kai, na yarda da kai."

Ya 'yan uwa, kun ji kalmar? Na yarda da kai.

Ranar Talata da hantsi, Maricruz ta tafi cefane. Gwani ya ɗora mujallun biyu, ta likitan da ta tsohuwar, a kan teburin aikinsa. Ya tsaya yana kallon rubutun nan na alƙalami, har ya karanta shi sau biyu. Yana da lokacin fasawa. Babu wanda ya tsare shi, babu wanda ya tura shi. Ya ƙyasta ashana.

Tsohuwar takarda ba ta gardama da wuta. Abin da ya tsira daga hannun yara da ruwan sama da ɓeraye har shekara saba'in, bai kai minti ɗaya ba ya zama toka. Don a gaskata shi, ya bar wutar ta ci rabin teburin, sannan ya cusa hannunsa na dama a ciki, ya fito yana ihun gobara.

Kasuwa ta tausaya masa. Aka ce ga mutumin da kuɗin gidansa ya ƙone a gabansa, har ya sa hannu a wuta don ya ceci amanar mutane. Doña Herminia da kanta ta hau matakalar nan da sandarta, da kwalbar man ƙuna a jaka. Ta zauna ta kama hannunsa tana shafawa. Ta ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana. Takarda ce. Hannun nan naka fa, ya za a yi da shi?" Ya sunkuyar da kai. Ta ɗauka baƙin ciki ne.

Hannun ya warke, amma yatsu biyu sun sandare. Bai damu ba, domin abin da ya nema ya samu. Labari ya bazu cewa Maƙerin Tsawa saura guda ɗaya a duniya. Attajiran da Cástulo ya faɗa da wasa suka zo da gaske. Wani ya taya da kuɗin gida biyu, Gwani ya ce a'a. Wani ya ƙara, ya ce a'a. Maricruz ta ce, "Maigida, don Allah ka sayar mu huta." Ya ce, "Baɗi za ta fi haka." Gaskiyar ita ce ba zai iya rabuwa da ita ba. Ranar da ya sayar, wani ne zai zama shi kaɗai.

Haka aka yi shekara uku.

Wata rana da azahar Cástulo ya buga masa waya. Ya ce, "Gwani, bar abin da kake yi ka zo unguwar Doctores. Ana rushe wani tsohon gini, ma'aikata sun fasa bango a ƙarƙashin ƙasa, sun sami ɗaki. Kai ne mai ido, zo ka gaya mana ko na gaske ne."

Ya isa ya tarar da dillalai bakwai ko takwas sun riga shi. Shugaban ma'aikata ya haska fitila ta ramin bangon. Gwani ya leƙa.

Ƙunshi ne a jere, tun daga ƙasa har rufi, an naɗe da takarda mai kauri, an ɗaure da igiya. Ashe ginin ma'ajiyar wani mai rarraba jaridu ne. Ya yi rigima da masu buga mujallar, ya riƙe kasonsa ya ƙi fitarwa, ya mutu a kan haka. Waɗanda suka sayi ginin bayansa suka toshe ƙofar da bulo, ba su ko duba ba. Ɗakin ba iska, ba haske, ba danshi.

Cástulo ya yanke igiyar ƙunshi ɗaya. Ya 'yan uwa, waɗanda suke wurin sun ce ba za su manta ba. Ja da ruwan ɗorawa suka fito cikin ƙurar nan kamar yau aka buga su. Gefuna a miƙe, shafuka ba a taɓa buɗe su ba. Birni ya yi ta girma a samansu, ƙasa ta girgiza gine-gine suka faɗi, waɗanda suka buga su da waɗanda aka buga dominsu sun tsufa sun mutu, su kuwa suna nan a duhu, ba abin da ya taɓa su. Wani dillali ya cire hularsa. Wani ya ce, "Ikon Allah."

Ƙunshi arba'in ne, kowanne da hamsin a ciki. Duk Maƙerin Tsawa, fitowa ta farko.

Aka miƙa wa Gwani guda. Ya murza takardar, ya shinshina, ya sa gilashinsa ya duba tawadar. Ya so ya ce jabu ne, amma idon da Allah ya ba shi bai taɓa yi masa ƙarya ba. Na gaske ne, kuma kowacce ta fi tasa kyau.

Sai aka ji yana magana, ba da kowa ba. "Ba zai yiwu ba. Uku ne. Na ƙone biyu. Ni na ƙyasta ashanar da hannuna, na tsaya na ga sun ƙare. Saura ɗaya."

Can Cástulo ya ce a hankali, "Ashana? Ka ce mana gobara ce, aboki."

Gwani ya ɗago kai ya ga idanun da suke kallonsa. A lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Kafin Lahadi, duk wanda yake da takarda a shagonsa ya zo ya karɓi abinsa, gyararre ko ba gyararre ba. Wa zai ba maciyin amana ajiya? Attajirai suka daina kira. Mujallar da aka taya da kuɗin gida biyu ta koma kuɗin abincin rana. Cástulo ya gaya masa a fuska, "Ka san wadda za ta yi daraja yau? Ta tsohuwar nan, mai rubutun mahaifinta. Ita ce ba ta da ta biyu, kuma ita ka ƙone." Daga ranar bai sake yi masa magana ba. Maricruz ta haɗa kayanta ta tafi Puebla wajen ƙanwarta. Ta ce talauci za ta iya zama da shi, amma ba za ta iya kallon hannun nan ba.

Doña Herminia ta sake hawa matakalar, sau ɗaya. Ba ta zauna ba. Ta ce, "An kawo mini sababbi har goma, na raba wa jikoki. Amma rubutun babana ba ni da wani, ko wasiƙa ɗaya bai bari ba. Yanzu idan na rufe ido ina neman yadda yake rubuta sunana, sai in ga ya fara ɓace mini." Sannan ta ce, "Kana kallo ka bar ni na shafa maka mai a hannun nan. Wannan kam ban san yadda zan yi da shi ba. Na bar ka da Allah."

Yana nan har yanzu. Kowace Lahadi zai zauna a ƙarshen layin, wajen masu tsofaffin takalma, da akwatin gilashi a cinyarsa. Ya rame, gashinsa ya yi fari. Idan baƙo ya tsaya, sai ya rage murya ya ce, "Ita kaɗai ce a duniya." Taku goma daga wurinsa, ga irinta a jibge a kan tabarma, mutane suna ɗauka suna karantawa a tsaye suna dariya.

Ya 'yan uwa, ina tambayarku. Me mutumin nan ya rasa tun farko? Yana da gida, da mata, da aboki, da suna mai kyau, da hannun da yake raya abin da ya mutu. Har mujallar ma yana da ita. Abu ɗaya ya hana shi sukuni, wai wani ma yana da irin nasa. Bai nemi nasa ya ƙaru ba, ya nemi na wasu ya ƙare.

Ya lissafa abin da idonsa ya gani, ya ce uku ne. Wa ya gaya masa ya ga duka? Ɗaki ɗaya a ƙarƙashin wani gini a birnin da yake zaune bai san da shi ba, ina ga taskokin Ubangiji? Wanda ya ajiye takarda mai arha shekara saba'in a duhu, ya fito da ita a ranar da ya ga dama, ya kuma sa harshen mai laifi ya tona kansa, shin akwai abin da zai ɓoyu gare Shi?

Zama ɗaya ba na biyu siffar Allah ce, ba ta bawa ba. Duk wanda ya miƙa hannu yana neman ta, wuta zai taɓa. Kada wani ya ce shi ba ya tara mujallu. Akwai mai ɓata sunan ɗan'uwansa don a ce shi kaɗai ne na kirki. Akwai mai ɓoye ilimi don a ce shi kaɗai ya sani. Kowa ya duba me yake riƙe da ashana a kansa yau, tun bai ƙyasta ba.

Allah ya wadatar da zukatanmu da abin da ya ba mu. Ya sa mu yi murna idan mun ga alheri a hannun wani. Ya sa mu mayar da amana ga masu ita yadda aka ba mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu. Amin.