Motar Da Yaya Ya Ƙi Gyarawa

Akwai wani mai gyaran jikin mota, dattijo ne a cocinsu, ba shi da yawan magana. Autan gidansu direban tasi ne.

Wata safiya Auta ya shigo garejin da motarsa. Bai tsaya a bakin ƙofa inda ya saba ba, ya wuce da ita can bayan rumfa. Fitilar dama ta fashe, gaban ya lotse, gilashi ya tsage.

"Yaya, akuya na buge. Ka daidaita min gaban nan kafin sha biyu."

Yayan ya durƙusa yana shafa ƙarfen da tafin hannu. Shekara talatin yana wannan aiki, ya san inda akuya take kaiwa a jikin mota. Can ya sa yatsa a ƙarƙashin fitilar, ya zaro tsinken tsintsiya guda uku da wani ƙyalle mai jini.

"Akuyar da tsintsiya ta fito, Auta?"

Auta ya kau da kai. Warin giyar jiya na tashi daga bakinsa.

Da ƙyar ya faɗa. Wata mata ce mai sharar titi, ya kwashe ta da sassafe, kuma bai tsaya ba.

"Tana da rai?"

"Ban duba ba."

Kafin a jima sai ga mahaifiyarsu, ashe Auta ya kira ta tun a hanya. Ta kama rigar yayan.

"Babba, ciki ɗaya kuka fito. Aikin awa biyu ne a wurinka. Ba wanda ya gani."

"Ubangiji ya gani, Mama."

"To Ubangijin ne ya ce ka kai ƙaninka kurkuku?"

Yayan ya tattara gudumominsa ya zuba a akwati, ya danna kwaɗo. Ya haɗa shayi ya miƙa wa Auta, ya tsaya a kansa har ya shanye.

"Hannuna ba zai taɓa motar nan ba," in ji shi. "Amma duk inda za a kai ka, da ni za a je. Tashi."

Shi ya shiga da shi ofishin 'yan sanda, yana riƙe da hannunsa. Matar ba ta mutu ba, amma ƙugunta ya karye. Alƙali ya ba Auta shekara biyu.

Daga ranar mahaifiyarsu ta daina amsa gaisuwarsa. Dangi suka ce ya zaɓi sunansa a coci ya yar da jininsa.

Duk Asabar yayan zai rufe gareji, ya ɗauki kwanon abinci ya tafi gidan yari. Gandiroba ya shiga ya fito ya ce, "Ya ce ba ya zuwa." Sai yayan ya zauna a kan benci har a buga ƙararrawa, ya bar kwanon ya koma. Wata biyar ana haka. Har gandiroban ya fara yi masa tsiya: "Baba, ko kai ma mu ba ka ɗaki?"

Wata Asabar Auta ya fito. Ya rame, idonsa ja. Bai zauna ba.

"Kai ka kawo ni nan."

"Ni na rako ka."

"In da yau ne, za ka gyara?"

"Ba zan gyara ba. Zauna ka ci, yana hucewa."

Can Auta ya zauna. Ya buɗe kwanon, ya kasa kai hannu.

"Yaya... matar nan. Tana tafiya?"

"Da sanda."

Sai Auta ya kifa kai a kan tebur yana kuka. Yayan ya ɗora masa hannu a ƙeya.

Darasi: 'Ya'yana, ni ban yi boko mai nisa ba, amma wannan na san shi. Yesu ya ci abinci da masu zunubi, bai taɓa ce wa zunubinsu madalla ba. Wanda ya rufa maka laifi bai ƙaunace ka ba, wanda ya gudu ya bar ka a ciki shi ma bai ƙaunace ka ba. Ka ƙi mugun aikin, ka riƙe mutumin, ko da zai yi wata biyar bai kalle ka ba. Ku tura wa duk mai ɗan'uwan da ya kauce hanya, kada ku karanta ku wuce kawai.