Harsasan Saje a Layin Kuku

A wani barikin soja an yi wani saje da ake yi wa laƙabi da Sau-Ɗaya, don a zamanin ƙuruciyarsa ba ya harbin abu sau biyu. Gwani ne, wannan babu ja. Amma yana da girman kai na bugawa a jarida. Shekaru sun ja, idonsa ya fara gani dishi-dishi, shi kuwa da ya yarda da hakan gara ya haɗiye hularsa.

Matarsa ce ta fara ganewa, ranar da ya shigo gida ya ƙame ya sara wa kakinsa da ta shanya a igiya, yana zaton wani hafsa ne ya kawo ziyara. Da kyar ta lallaɓa shi ya je asibiti, likita ya ba shi tabarau. Yana dawowa ya cusa shi cikin tsohon takalmi a ƙarƙashin gado.

"Baban yara, me zai ragu a jikinka in ka sa?" in ji ta.

"Ni da gilashi? So kike kurata su riƙa kira na malamin lissafi?"

Ana nan sai aka kawo na'urar koyon harbi. Ɗaki ne mai sanyi, an toshe tagoginsa, da ƙaton allo da ya cika bango. Bindigogin suna da nauyin na gaske, har bugun kafaɗa suke yi, sai dai haske suke fitarwa ba harsashi ba, kwamfuta kuma tana rubuta inda kowane harbi ya sauka. Kowa yana zuwa gwaji, ban da Saje.

"Wasan yara ne," yake cewa. "Mu da muka shaƙi hayaƙin albarushi!"

A ransa kuwa tsoro yake ji, don ya taɓa leƙawa, allon ya zame masa kamar wanda aka shafa wa man shafawa.

Rannan kyaftin ya sanar cewa za a naɗa babban malamin harbi na bariki, kuma a ɗakin nan za a tantance. Matsayin da Saje ya yi shekaru yana mafarki ke nan. Ya zo yana taku ɗaiɗai, aka ba shi layi na uku. A layi na huɗu kuwa Kofur Kuku ne, mai dafa wa sojoji abinci, wanda aka jawo shi kawai don ya yi gwajinsa na shekara.

Aka ba kowa harbi goma. Saje ya kwanta, ya danne numfashi, ya hangi wani duhu-duhu mai kama da mutum, ya sakar masa goman nan. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

Samanja mai kula da na'urar ya fara karanto sakamako. "Layi na uku, sifili."



"Layi na huɗu, goma sha bakwai cikin goma."

Kofur Kuku ya zaro ido. "Yallaɓai, wallahi goma aka ba ni, kuma uku sama suka tafi, da idona na gani!"

"Injin nan ya haukace!" Saje ya daka tsawa. "Tun farko na faɗa muku!"

Samanja ya danna maɓalli, aka maimaita komai a allo. Ga jan ɗigon bindiga ta uku, ya tsallake layinsa cikin natsuwa, ya je ya zauna a ƙirjin hoton mutumin da aka sa wa Kuku ya harba. Wani soja ya toshe baki, dariya ta ƙwace masa ta hanci, sai ɗakin ya ɗauka baki ɗaya. Saje ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kyaftin ya ɗaga hannu daga inda yake tsaye. "Saje, yatsu nawa ne nan?"

Saje ya ƙanƙance ido. "Uku, yallaɓai."

"Alƙalami ne."

Da dariya ta lafa, kyaftin ya tsuke fuska. "Harbinka goma wuri ɗaya suka taru, hannunka ko motsi bai yi ba. Da kana gani, da aikin naka ne. Amma yau haske ne, gobe harsashi ne, kuma a gefenka ɗan'uwanka soja ne zai tsaya. Ka ɓoye mana abin da zai iya kashe mutum."

Aka ba wani saje matsayin, wanda Sau-Ɗaya ne ma ya koya masa riƙon bindiga. Shi kuwa aka hana shi ɗaukar makami sai likita ya sa hannu.

Da azahar yana zaune a ɗakin cin abinci, ya haɗa kai da gwiwa, sai ga Kofur Kuku da faranti cike da nama.

"Yallaɓai Saje, ga tukuici. Shekara goma sha biyu ina faɗuwa gwajin nan, yau ka fitar da ni kunya. Don Allah baɗi ma ka kwanta kusa da ni."

Mai karatu, raunin da ka ɓoye don gudun dariyar mutum biyu, wata rana a gaban jama'a zai tonu, kuma ya tafi da abin da ka fi so. Karɓar gyara ba ya rage wa gwani daraja. Ƙin karɓa ne ke zubar da ita.